Tambaya da Amsa: Yaya Zan Wanke Hotunan Kwalliyata?

Tambaya: Assalamu alaikum, Anti. An ɗauke ni hotunan kwalliya ranar kamuna, kuma mai hoton ya turo mini su ta WhatsApp. A waya sun yi kyau ƙwarai, amma da na kai ɗaya aka wanke babba domin in sa a firam, sai ya fito dishi-dishi, fuskata ta yi duhu, adon leshin ma bai fito ba. Akwai kuma waɗanda ƙawata ta ɗauke ni a ɗaki babu mayafi, waɗanda ba na son kowa ya gani sai maigidana. Wace hanya zan bi? Daga wata amarya a Zariya.

Amsa: Wa'alaikumus salam, ƙanwata. Allah ya sanya albarka, ya ba da zaman lafiya.

Hoton ya lalace tun kafin ya isa hannun mai wankin, domin idan aka tura hoto ta WhatsApp yadda aka saba, manhajar takan matse shi har tsawonsa ya koma kusan ɗigo 1,600 (ɗigo su ne ƙananan ƙwayoyin launi da ke haɗuwa su zama hoto), alhali kuwa wanki mai kyau yana bukatar ɗigo 300 a kowane inci. Ke nan hoto mai inci 8 da 10 yana son ɗigo 2,400 da 3,000. Wanda ke cikin wayarki zai ishi ƙaramin hoton albam, amma idan aka miƙe shi zuwa inci 18, abin da zai rage a kowane inci bai kai ɗigo 90 ba, shi ya sa duwatsun leshin da zanen lallen suka narke. Ki koma wurin mai hoton ki nemi ainihin hotunan da ya gyara, ya zuba miki a filash, ko ya turo su a matsayin fayil. Wasunsu sukan nemi ƙarin kuɗi kafin su bayar, kuma a ganina kuɗin ya cancanci biya.

Duhun fuskar kuma dalilinsa daban ne. Fuskar waya haske take fitarwa, takarda kuwa hasken ɗaki kawai take mayarwa, saboda haka kusan kowane hoto yakan fi duhu idan an wanke shi. Bayan haka, injinan wanki da yawa suna gyara launi da kansu, kuma wannan gyaran yakan mayar da baƙar fata toka-toka ko ya ja ta zuwa ja. Ki ce a kashe wannan gyaran, a fara wanke miki ƙarami mai inci 4 da 6, ki fita da shi waje ki duba a hasken rana, sannan ki ba da izinin babban. Ki kuma lura da yanka, domin girman 8 da 10 yakan datse hoton kyamara, ta yadda ɗaurin ɗankwali zai iya rasa samansa, alhali 8 da 12 yana ɗaukarsa cif.

Game da takarda, mai ƙyalli tana fito da launi, sai dai tana riƙe shatin yatsa, kuma da damina takan manne da gilashin firam. Ni na fi son mai ɗan sheƙi tsaka-tsaki, wadda fata ke yin laushi a kanta. Kada ki rataye hoton inda rana ke dukansa, domin zai koɗe.

Hotunan ɗaki kuwa, shawarata ita ce kada su je shago ko kaɗan. Duk abin da aka zuba a kwamfutar shago yakan zauna a cikinta bayan kin tafi, ma'aikata da yawa suna taɓa ta, kuma gogewa a gaban idonki ba ta tabbatar da cewa babu kwafi. Akwai ƙananan na'urori irin su Canon Selphy da ke karɓar hoto kai tsaye daga waya su fitar da shi a girman kati, ba tare da ya bi ta hannun kowa ba. Ba sa fitar da babba, amma sun isa albam ɗin da za ki kulle a durowa. Ki kuma roƙi ƙawar taki ta goge nata kwafin, har da wanda wayarta ta ajiye a intanet.