Kiran na'ura a kamfe: abin da dokar Indiyana ta yarda da shi

Tambaya: Lauya, ina zaune a jihar Indiyana ta Amurka. Wani da muke goyon baya zai tsaya takarar majalisar birni, an ɗora mini aikin naɗar saƙon murya da Hausa da Turanci, na'ura ta kira lambobin mutanenmu ta kunna musu. Wasu lambobin a wajen taron suna da ɗaurin aure muka tattara. Akwai matsala?

Amsa: Malam, akwai, kuma gara da ka tambaya kafin ka danna komai. Dokoki biyu ne a kanka, ta tarayya da ta jiha, kowacce da nata haƙori.

Ta tarayya ita ce TCPA, dokar kare masu amfani da waya ta 1991. Ta hana kiran wayar hannu da muryar da aka naɗa sai mai wayar ya yarda tun farko, kuma siyasa ba ta kuɓutar da kowa. Masu harkar kamfe sun kai ƙara har Kotun Ƙoli, a 2020 kotun ta bar haramcin a tsaye. Wanda aka kira ba da yardarsa ba yana iya neman dala 500 kan kowane kira, har 1,500 idan da gangan aka yi. Ka lissafa yawan lambobin da ke hannunka. Mutumin da ya rubuta lambarsa a takardar masu kawo gudummawar biki, don biki ya bayar, bai ce a kira shi da saƙon zaɓe ba. Wayar gida mai igiya ce kawai aka sassauta wa: kira uku cikin kwana 30, saƙon ya fara da sunan mai kira, a ba da lambar da za a same shi da hanyar cewa a daina. To amma mutanenmu nawa ne ke da irin wannan waya yau?

Indiyana ta fi haka tsanani, har a wayar gida. Na'ura ba za ta kunna saƙo ba sai mutum ya riga ya amince, ko kuma wani mai rai ya fara magana da shi ya nemi izininsa. Wata ƙungiya mai suna Patriotic Veterans ta ƙalubalanci dokar, kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya da ke Chicago ta tabbatar da ita a 2017. Za ka ji ana cewa ai kotuna sun rushe irin waɗannan dokoki. An rushe ta Karolina ta Kudu a 2015, ta Montana a 2019, domin sun ware kiran siyasa sun sa masa takunkumi, wanda ya saɓa wa 'yancin faɗar albarkacin baki. Ta Indiyana kuwa ba ta duba abin da saƙon ke cewa, shi ya sa ta tsira, kamar yadda ta Minesota ta tsira tun 1995. Akwai rangwame ga wanda kake da alaƙa ta ƙashin kai da shi, sai dai ban ba ka shawarar jingina da shi ba. Saƙon na ɗan takara ne, sanin da ka yi wa mutum a masallaci ba lallai ya zama alaƙa tsakaninsa da kamfe ba.

Kada kuma ka yi tunanin haɗa murya da kwamfuta zai fitar da kai. A Fabrairun 2024 hukumar sadarwa ta FCC ta ce muryar da ƙirƙirarriyar basira ta haɗa tana ƙarƙashin wannan doka, bayan kiran bogi da muryar Biden, shugaban ƙasa na lokacin, a jihar New Hampshire, wanda ya jawo wa mai shirya shi tarar dala miliyan 6.

Shawarata, ka ajiye na'urar. Ku zauna ku biyar ko shida da yamma, kowa ya ɗauki kasonsa na lambobi ya buga da hannunsa ya yi magana da bakinsa. Doka ba ta hana wannan ba, kuma dattijon da aka gaisa da shi aka tambayi iyalinsa ya fi saurin fita rumfar zaɓe. Idan dole sai saƙon murya, ku buga fom mai layi ƙarara cewa mutum ya yarda a kira shi da naɗaɗɗen saƙo, ya sa hannu da kwanan wata, ku adana.

Abu na ƙarshe ya fi damuna. Idan ba ka da takardar zama ɗan ƙasa ko katin zama na dindindin, kana iya aikin sa kai, amma kada ko dala ɗaya ta fito daga aljihunka don biyan kuɗin kiran, domin dokar tarayya ta hana baƙi kashe kuɗi a kowane zaɓe, har na birni. Ka nuna wa lauyan kamfen wannan shirin kafin ranar farawa.