Me ya sa kyamarata ke kasa kama fuska idan dare ya yi?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni mai ɗaukar hoto ne a wani ƙauye da ke ƙaramar hukumar Ringim, kuma yawancin aikina na biki ne da suna da walimar sauka. Da rana kyamarata ba ta ba ni matsala, amma da zarar an yi magariba, aka koma ga ƙwan sola ɗaya ko biyu, sai gilashin ya yi ta kai da komo, wani lokaci ma ta ƙi ɗauka. Idan ta ɗauka kuma, sai bango ya fito tas, fuskar amarya ta yi dishi-dishi. Irin mai madubi ce a ciki, da gilashin 18-55 da ta zo da shi. Ko lalacewa ta yi?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, tunda tana aiki lafiya da rana, da wuya a ce lalacewa ta yi. Abin da otofokas, wato saitin da kyamara ke yi da kanta don hoto ya fito tas, ke nema shi ne iyaka tsakanin haske da duhu, kamar gefen ido, ko layin kwalli, ko aikin zare a wuyan riga, kuma idan haske ya yi ƙasa waɗannan iyakokin ne ke fara ɓacewa. Kuncin mutum a ƙarƙashin ƙwan sola ba shi da wani layi da za a kama, alhali katangar da ke bayansa, da haske ya bugi zanen bulonta, cike take da layuka. Shi ya sa kyamarar ke barin amarya ta tafi bango, musamman idan ka bar mata zaɓin wurin da za ta saita.

Saboda haka abu na farko shi ne ka karɓe wannan zaɓin daga hannunta, ka mayar da ita kan ɗigo ɗaya daga cikin ɗigogin saiti da ake gani a tagar leƙe, wato na tsakiya. A ƙananan kyamarori irin Nikon D3300 mai ɗigo 11, ko Canon 1300D mai ɗigo 9, na tsakiya ne kaɗai ke gane layin tsaye da na kwance a lokaci guda, sauran kuwa ɓangare ɗaya suke gani, don haka su ne ke fara makancewa da dare. Ka ɗora wannan ɗigon a kan ido, ko inda mayafi ya haɗu da goshi, ka danna maɓallin ɗauka rabi har ta kama, sannan ka ɗan juya ka daidaita hoton ba tare da ka ɗaga yatsa ba, kuma ba tare da ka matsa gaba ko baya ba. Ga mutanen da ke zaune ko tsaye ka yi amfani da AF-S, wato saitin da ke kamawa sau ɗaya ya tsaya, wanda Canon ke kira One Shot. Wannan yana da wata fa'ida, domin ƙaramar fitilar taimako da ke gaban kyamarar Nikon ba ta kunnuwa a AF-C, saitin da ke bin abu mai motsi, kuma ko ta kunnu haskenta bai wuce mita 3 ba. Canon irin waccan kuwa da filashinta take ƙyafta haske, saboda haka sai an ɗaga shi.

Sai batun gilashi, wanda a ganina nan ne rabin matsalarka take. Gilashin 18-55 yana buɗe ƙofar haske har f/3.5 idan yana kan 18, amma da ka jawo shi zuwa 55 sai ƙofar ta tsuke zuwa f/5.6, wato hasken da ke shiga ya ragu fiye da rabi. Masu hoton biki kuwa sun saba tsayawa nesa su jawo, don kada su kutsa cikin taron mata. Da dare wannan kunyar tana cin hoto. Ka nemi izini ka matso da ƙafarka, ka bar gilashin tsakanin 18 da 24. Idan hali ya samu ka sayi gilashin 35 ko 50 mai f/1.8, ko da wanda aka taɓa amfani da shi ne, domin hasken da yake shigarwa ya kusa ninki 10 na f/5.6, kuma kyamara mai madubi tana yin saitinta ne ƙofar na buɗe gaba ɗaya, ko da ka sa ta ɗauka a f/4. Sai dai ka kula, gilashin 50 a f/1.8 daga nisan mita 2, abin da zai fito tas daga gaba zuwa baya kusan faɗin tafin hannu ne kawai, don haka hoton ango da abokansa a jere biyu yana buƙatar f/4 ko lamba mafi girma, tare da filashi.

Akwai kuma dabarar da ba ta cin ko sisi: yaro ya haska fuskar da tocilar waya na ɗan lokaci, ka kama, ya kawar, ka ɗauka.

Amma ba kowane dishi-dishi ne laifin otofokas ba, kuma a nan mutane da yawa ke ruɗewa. Ka buɗe hoton a kwamfuta ka faɗaɗa shi. Idan akwai wani abu da ya fito tas, ko bango ko tabarma, to saiti ne ya kauce. Idan kuwa komai ya ja jela zuwa gefe guda, ƙwan lantarki ya zama kamar waƙafi, to hannunka ne ya motsa saboda jinkirin shota, wato labulen da ke buɗewa ya rufe a lokacin ɗauka. Idan bango na nan daram amma hannun mai rawa ya zama hayaƙi, motsin mutum ne, kuma VR ko IS da ke jikin gilashi, masu rage rawar hannu, ba sa maganin wannan. Ga wanda ke zaune kada saurin shota ya sauka ƙasa da 1/125 na daƙiƙa, ga masu rawa 1/250, ka ɗaga ISO, wato ƙarfin jin haske na kyamara, zuwa 1600 ko 3200 ba tare da fargaba ba, domin iyayen amarya za su karɓi hoto mai ɗan yashi-yashi, amma ba za su karɓi wanda ba a gane 'yarsu ba.

Idan bayan duk wannan ka ga saiti na faɗawa bayan mutum har da rana, to sai ka gwada. Ka jera batura 5 a karkace bisa teburi a inuwa mai haske, ka aza kyamarar a kan abin da ba ya motsi, ka saita a kan baturin tsakiya ta tagar leƙe, sannan ka sake ɗauka ta allon baya. Saitin allo daga kan na'urar ɗaukar hoton kanta yake fitowa, don haka shi ne ma'auni. Idan na allo ya fito daidai, na taga kuma ya kauce a kowane gwaji, to akwai gyara, kuma ƙananan kyamarorin da na ambata ba su da wurin daidaita wannan a cikinsu, sai an kai wa mai gyara. Kafin ka ɗauki hanyar Kano dai, ka cire gilashin a ɗaki rufe, ka fesa iska da robar hura ƙura kyamarar na kallon ƙasa, domin na'urar otofokas a ƙasan akwatin madubi take, inda ƙurar hunturu ke taruwa. Kada ka hura da baki, kuma kada ka taɓa madubin da tsumma.