Makaɗi, Mawaƙi da Jarumi: Amsoshin Wasiƙunku

Wani ɗalibi daga Gusau ya tambaya: Malam, mene ne bambancin mawaƙi da makaɗi? Na ji a talabijin ana cewa "mawaƙi Ɗanƙwairo".

Ɗana, kai da ke Zamfara, wa ka taɓa ji a Maradun ya kira shi haka? Makaɗa Musa Ɗanƙwairo ake cewa, kamar yadda ake cewa Makaɗa Ibrahim Narambaɗa da Makaɗa Sa'idu Faru. Ka lura, mutum ɗaya ne, amma da siffar jam'i ake kiran sa, don girmamawa. Makaɗi shi ne wanda waƙarsa ke tafiya da abin kiɗa, kuma da abin kiɗan ake sanin sa. Narambaɗa da Ɗanƙwairo kotso, Salihu Jankiɗi taushi, Mamman Shata kalangu, Ɗan Maraya Jos kuntigi, Haruna Uji gurmi, Barmani Coge ƙwarya. Shi ya sa a fada sarautun su ne Sarkin Kiɗa da Sarkin Taushi. Mawaƙi kuwa kalma ce mai faɗi, ta ɗauki har wanda bai taɓa riƙe makaɗin ganga ba, irin su Aƙilu Aliyu da Mu'azu Haɗeja masu rubuta waƙa. To ba ƙarya aka yi ba da aka ce Ɗanƙwairo mawaƙi ne, amma an rage masa daraja.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne kalmomin da wannan sakaci ya kashe. A da, in ƙungiyar kiɗa ta tsaya a dandali, kowa da sunansa. Akwai shugaba mai jan waƙa, akwai 'yan amshi, akwai masu kiɗa, akwai sanƙira mai ɗaga murya yana kirari yana shelar kyautar da aka bayar. Maroƙi daban, ɗan kama mai ba da dariya da waƙar tuwo daban, ɗan gambara daban. Yau mai gabatar da shiri sai ya tattara su duka ya ce "mawaƙa". Na taɓa tambayar ɗaliban aji guda ma'anar sanƙira, aka rasa mai ɗaga hannu. Ranar na koma gida raina a ɓace. Ban ce yaron da ke rera waƙa a situdiyo da fiyano ya kira kansa makaɗi ba. Mawaƙi ya dace da shi sarai. Roƙona dai a bar wa magabata sunansu.

Wata baiwar Allah daga Maraɗi: Me ya sa ake ce da kuɗin da ake ba masu waƙa a biki "liƙi"?

Hajiya, daga liƙa ne, don a goshi ake liƙa takardar kuɗin. Tsohuwar kalmar ita ce kari.

Wani daga Kaduna: Daidai ne a ce da ɗan fim "jarumi"?

Ta riga ta zauna, ɗan'uwa, ba ni da ikon tayar da ita. Amma jarumi a Hausa mai ƙarfin zuciya ne, wanda ba ya gudu a fagen fama. Masu kallon finafinan Indiya a silima ne suka ara wa wanda ke doke mugu a ƙarshen labari, kuma can da ɗan hujja. Yanzu kuwa ko wanda ya fito a matsayin ɓarawo ko matsoraci, jarumi ne. Lokacin da Usman Baba Pategi ke yin Samanja a talabijin ta Kaduna, da Ƙasimu Yero, ɗan wasa muke cewa, ko ɗan wasan kwaikwayo, kuma ba su ji an raina su ba. Ni har gobe ita nake faɗa.

Wani malamin firamare daga Zariya: Ina ma'anar "in ganga ta cika zaƙi, ta kusa fashewa"?

Malam, duk wanda ya taɓa ɗaure ganga ya san amsar. Gwargwadon yadda aka ja fatar ta yi tauri, gwargwadon daɗin amonta, kuma a nan ne take gab da yagewa. Ana faɗa wa wanda abu ya yi masa daɗi har ya wuce gona da iri.

Wani daga Kumasi: Majigi Hausa ce?

Aro ce. Daga sunan Turanci na fitilar nuna hoto a bango ta zo, zamanin da motar gwamnatin Turawa ke zagaya garuruwa tana haska fim a ƙofar fada bayan magariba.