Waƙar da ba ta ɗaga murya: amsoshin tambayoyinku

Wata ɗaliba daga Yamai: Malam, akwai waƙoƙin Turawa na rabuwar masoya, piyano kaɗai da murya ƙasa-ƙasa. Daidai ne in kira su waƙoƙin "karayar zuciya"?

Ƴata, wannan lafazi ya daɗe yana damuna. Masu fassarar gaggawa ne suka ɗauko wannan ma'ana ta ciwon soyayya daga Faransanci da Turanci suka manna masa, matasa kuma suka karɓa ba tare da sun auna ba. A Hausa in an ce zuciyar mutum ta karaya, ya sare ne, gwiwarsa ta yi sanyi. Ɗan kokawa yakan karaya tun kafin a kama, majinyaci ma yakan karaya. Babu dole soyayya a ciki.

Kalmomin da kike nema suna nan. Kewa ita ce gurbin da mutum ya bari, ɗaki ya yi maka faɗi. Bege kuwa ja ne zuwa ga wanda ake so, da sauran fata a cikinsa, shi ya sa muke cewa begen Annabi. Takaici yana da wanda ake zargi. Waƙar da kika kwatanta, wadda mawaƙin ke haɗiye kukansa yana magana kamar ba abin da ya faru, ta kewa ce. Ni kam na fi girmama ta a kan mai kururuwa, don an ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

Kayan kiɗan ma ya dace. Bartolomeo Cristofori ya ƙera piyano a birnin Fulorans na Italiya wajen shekarar 1700, kuma abin da ya zo da shi sabo shi ne nauyin yatsa ke sa amo ya yi ƙarfi ko taushi. Ƴar guduma mai laushi ce ke bugun tsirkiya ta koma, nan take amon ya fara mutuwa. Mai goge yana iya jan sauti ya riƙe shi, mai piyano sai dai ya taka fedar da ke ƙasan piyanon da ƙafa ya ɗan tsawaita shi. Shi ya sa shirun da ke tsakanin bugu da bugu yake taɓa mai sauraro.

Wani malamin makaranta daga Tawa: Piyano kaɗa shi ake yi ko dannawa?

Kaɗawa, kamar molo da gurmi. Waya ake dannawa.

Wani mai karatu: "Kiɗa mai sanyi" Hausa ce?

Hausa ce tsantsa, kamar murya mai sanyi. Amma sanyi daban, sanyin jiki daban. Kiɗan da ba shi da rai lami ne.

Wata baiwar Allah daga Tawa: Me ake nufi da "kukan kurciya jawabi ne"?

Kin bar rabinsa, kuma wannan yanke karin magana da ake yi yanzu yana ɓata ma'ana. Cikonsa shi ne "mai hankali ke ganewa". Ana faɗin sa in an yi magana a kaikaice, ko in mai damuwa ya nuna alama bai bayyana ba, aka bar wa mai lura ya fahimta.