Hukuncin aikin tsinkar inabi a gonar masu haɗa giya

Tambaya: Malam, ina zaune a Jamus, na samu aikin kaka a gonar inabi ta wasu iyali a bakin kogin Mosel kusa da Trier. Sun gaji gonar kaka da kakanni, kuma suna alfahari cewa tun zamanin Rumawa ake noman inabi a yankin. Ni tsinka kawai nake yi ina ɗauka a baya, domin gangaren ya fi ƙarfin inji. A gidansu suke matse shi su yi giya. Kuɗina halal ne?

Amsa: Ɗan'uwa, da inabin ci ne ko na zabibi, ko kuwa ana kai shi kasuwa ba ka san hannun da zai faɗa ba, da aikinka halal ne. Abin da ya canza hukuncin shi ne maganarka cewa a gidansu suke matse shi su yi giya: ka san tabbas inda kwandonka zai ƙare, kuma irin da aka fi shukawa a wannan kwari, wato Riesling, don giya ake noma shi. Haramcin giya ba ya buƙatar dogon bayani, haka nan hadisin da ya la'anci mutum goma a kanta. Daɗewar sana'ar kuwa tarihi ce kawai.

Na san za a kawo maka ra'ayin Imam Abu Hanifa, wanda ya halatta sayar da ruwan inabi ga mai mayar da shi giya, bisa hujjar cewa saɓon ba ya cikin ruwan sai bayan ya canza, kuma zaɓin wani ne ya shiga tsakani. Muna girmama Imamin, amma hujjar ba ta tsaya ba. Shi ma mai matsewa da aka ambata cikin la'anar, abin da ke zuba a ƙarƙashin hannunsa ruwa ne mai zaƙi wanda bai fara bugarwa ba. Abin da ya jawo masa la'ana shi ne manufar da ya sani. Almajiran Imamin biyu, Abu Yusuf da Muhammad, sun saɓa masa a kan ladan ɗaukar wa zimmi (wanda ba Musulmi ba da ke zaune ƙarƙashin amanar Musulmi) giya, Malikawa da Hambalawa kuma sun hana cinikin ruwan inabin don toshe kafar ɓarna. Nasa'i ya ruwaito cewa wakilin gonar Sa'ad ɗan Abi Waƙƙas ya nemi izinin matse inabi saboda gudun asara, Sa'ad ya sallame shi daga aikin.

Saboda haka ka bar aikin. Abin da ka karɓa kafin ka sani, ka ci, ka nemi gafara. Idan babu abin da za ka ci ko biyan haya, ka zauna gwargwadon lalura kana nema da gaske. Kana iya neman aikin tsinkar tuffa, domin tana zuwa a lokaci guda da ta inabi. Ka rabu da iyalin nan da mutunci, ka sanar da su da wuri, kada ka bar su tsakiyar girbi ba zato. Kafin nan ka kiyayi abin da suke kira Federweisser, wanda ake miƙa wa ma'aikata a kaka: kamanninsa na ruwan inabi ne, amma ya riga ya fara tsami, yana bugarwa. Wallahu a'alam.