Filin Lafiya: Na koma shan gahawar "dikaf" amma barci ya ƙi zuwa

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni tela ne a Asawase, Kumasi, na haura shekara 50. Likita ya ce in rage gahawa saboda hawan jini, sai na koma sayen wadda aka rubuta "decaf" a gwangwaninta. Amma har yanzu idan na sha bayan Isha'i sai zuciyata ta yi ta dukan uku-uku, barci ya ƙaurace. Yaudarar kamfani ce, ko jikina ne?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya ƙara sauƙi. Kamfani bai yaudare ka ba. Dikaf gahawa ce da aka cire wa kafeyin, wato sinadarin da ke hana barci, sai dai ba a iya tsame shi kakaf daga gahawa. Tun ƙwayar tana ɗanya ake jiƙa ta ko a turara ta, a janye sinadarin, sannan a soya, kuma kullum akan bar saura. Dokokin ƙasashen Turai sun yarda a bar har kashi 0.1 cikin 100 a gahawar da aka soya, da kashi 0.3 a garin da ke narkewa cikin ruwan zafi. Ƙaramin cokali ɗaya na garin yana kai giram 2, ka ga abin da ke ciki ba zai wuce miligiram 6 ba. Wanda ke tula cokali uku a kofi ya doshi 18. Kofin gahawa ta yau da kullum kuwa yana ɗauke da 80 zuwa 100.

Akwai mutanen da wannan ɗan sauran ke taɓawa, amma ba su da yawa. Shi ya sa kafin mu ɗora wa gwangwani laifi muke tambayarka: goro nawa kake ci a wuni? Wannan ita ce tambayar da ta fi muhimmanci a Zangon Kumasi, inda tun zamanin fataken Gwanja goro ke hannun kowa, har ba a ƙirga shi cikin abin da aka ci. Busasshen goro yana da kafeyin kusan kashi 2 cikin 100, wato giram 10 nasa yana iya ba ka miligiram 200, daidai da kofi biyu na gahawa mai ƙarfi. Sai ataya da ake dafawa har ta yi kauri, da shayin mai shayi wanda kofinsa ke kai 40 zuwa 50, da Coca-Cola ta gwangwani mai kusan 32, da Red Bull mai 80. Ga kuma wanda ake yawan mantawa: Panadol Extra, kowace ƙwaya miligiram 65. Tela da ya wuni a kan keke bayansa na ciwo, ya haɗiye biyu da magariba, ya sha 130 ke nan bai sani ba.

Hanta ce ke sarrafa kafeyin, kuma a jikin yawancin manya sai an yi kusan awa 5 kafin rabinsa ya fita. Goron da aka ci da la'asar, kusan rabin ƙarfinsa yana nan cikin jini lokacin kwanciya. Wasu kuma gado suka yi, hantarsu ba ta sauri. Magani ma yana rage mata gudu, musamman ciprofloxacin da ake yawan bayarwa don taifot da ciwon fitsari. Haka wanda ya daina shan taba: hayaƙin taba yana gaggauta fitar kafeyin, in an daina sai adadin da aka saba da shi ya fara yi wa jiki yawa.

Ga yadda za ka gane gaskiyar lamarin. Ka rage goro da ataya sannu a hankali cikin mako guda, kada ka yanke rana ɗaya, domin ciwon kai da kasala kan biyo baya cikin awa 12 zuwa 24, su ɗauki kwanaki. Bayan haka kada ka ci ko ka sha komai mai kafeyin daga azahar. Da dare ka zauna ka huta minti biyar, ka ɗora yatsu biyu a jijiyar wuyan hannu ka ƙirga bugun minti ɗaya cur. Ka haɗa dikaf da shafaffen cokali ɗaya, ka sha, ka sake ƙirgawa bayan minti 45, lokacin da sinadarin ke kai ƙololuwa a jini. Idan adadin bai sauya ba kuma ka yi barci, ba ita ba ce. Idan kuwa abin ya maimaitu dare bayan dare, ka bar ta, ka koma ruwan citta ko zoɓo marar sukari da yawa.

A gida za ka yi wannan gwaji, da gwangwanin da ka buɗe da hannunka. A teburin mai shayi gwangwani kan daɗe ana sake cika shi, ba lallai abin da ke rubuce ne ke ciki ba.

Idan bugun ya wuce 100 a minti kana zaune, ko yana tsalle yana ɓacewa, ko ya zo da ciwon ƙirji, jiri ko sarƙewar numfashi, ka bar gwaji ka tafi asibiti a yi maka awon zuciya, a duba ƙarancin jini. Ka tafi da duk magungunan da kake sha, har na mura da na asma, don wasunsu ma suna sa zuciya gudu.

Tambaya: Ina da cikin wata bakwai, ina zaune a Nima, Accra. Zan iya shan dikaf?

Amsa: Za ki iya, 'yar'uwa, Allah ya raba lafiya. Iyakar da likitocin mata suka fi bayarwa ita ce miligiram 200 a rana daga kowane abu, kuma kofi ɗaya ko biyu na dikaf bai kusanci haka ba. Ki dai sani a watannin ƙarshe kafeyin yana daɗewa a jiki ninki biyu zuwa uku, don haka goro da ataya ne abin kiyayewa. Kada ki haɗa shan ta da ƙwayar ƙarin jini da aka ba ki a awo, ki bar tazarar awa ɗaya zuwa biyu, domin gahawa da shayi suna hana jiki zuƙar ƙarfen da ke cikin maganin. Idan ƙwannafi na damunki, dikaf ma tana tayar da shi.

Tambaya: An ce da guba ake wanke gahawar dikaf. Haka ne?

Amsa: Zancen yana da tushe. Ludwig Roselius, ɗan kasuwar birnin Bremen a Jamus da ya yi rajistar dabarar a 1906, da sinadarin benzin (benzene) ya yi aiki, kuma an daɗe da barinsa saboda yana jawo ciwon daji. Yau ana amfani da ruwa zalla, ko iskar kabon, ko wasu sinadarai masu saurin tashi waɗanda turarawa da zafin suya sama da digiri 200 ke kora. Ku duba lambar rajistar Hukumar Abinci da Magunguna ta Ghana da ranar lalacewa a jikin gwangwani kafin ku biya kuɗi.