Yaya, motar tana nan, titin ne ya zama na kuɗi

Yaya, na ji saƙonka, na kuma ji labarin da Inna ta kai gida. Ba ta yi mini ƙarya ba. Ranar da ta sauka a filin jirgin Heathrow na nan Landan ban je da mota ba, jirgin ƙasa muka shiga, ina jan akwati biyu, ita kuma tana rungume da jakar hannu tana aiko mini da harara har muka iso unguwarmu Woolwich. Amma ka kwantar da hankalinka, ba karayar arziki ba ce. Motar tana nan lafiya lau a ƙofar gida, sai dai takan yi kwana biyar ban murza mata makulli ba. Tunda kuma ka haɗa da tambayar yadda hukuma a nan take yi da gosulo, saboda wanda kuke fama da shi a bakin Kantin Kwari, bari in haɗa maka amsar wuri guda, don tambayoyin biyu uwarsu ɗaya ubansu ɗaya.

Ka san a 2001 na zo garin nan, kuma kabu-kabu na fara yi. A lokacin, idan fasinja ya ce tsakiyar gari zai je da rana, sai gabana ya faɗi. Turawan da kansu sukan ce gudun mota a tsakiyar Landan bai fi na keken doki na zamanin kakanninsu ba. Bambancinsu da mu shi ne ba su tsaya kan "kai, yau akwai gosulo" ba. Sai da suka auna shi, kamar yadda kake auna yadi.

Ga yadda suka yi. Hukumar sufuri ta gari, wadda ake kira TfL, takan tura motoci su bi wasu tituna da aka zaɓa, a riƙa rubuta lokacin da tafiyar ta ci. A bi da tsakar dare lokacin da titi ya zama fayau, a sake bi da rana tsaka. Da dare kilomita ɗaya takan ci kusan minti 2, da rana kuwa sai ta haura minti 4. Wannan rarar da ke tsakani, minti 2.3 a kowace kilomita, ita ce suka kira cunkoso. Ka lura, ba yawan motoci suka sa a gaba ba, lokacin da aka cinye wa mutum suka ƙirga. Na daɗe ina juya wannan a raina. Mu a gida idan mutum ya yi awa guda tsakanin Kurna da Bata, sai ya ce haka Allah ya so, ya yi ta hon. A nan awar nan hasara ce da ake rubutawa a littafi, akwai kuma wanda za a kira a majalisar gari a tambaye shi ina ta tafi.

Yanzu ma sun wuce tura mota. Kyamarori na karanta lambar mota a wannan kwana, su sake karantawa a wata kwanar can gaba, kwamfuta ta fitar da mintunan da tafiyar ta ci. Kowace bas tana ɗauke da na'urar da ke nuna inda take, har akwai ma'aunin da ke nuna mintunan da fasinja ya ƙara a tasha fiye da yadda aka tsara. A ƙarƙashin kwalta, daf da danja, an binne waya mai jin wucewar mota. Idan layi ya yi tsawo ta wani ɓangare sai danjar ta ƙara masa 'yan daƙiƙu na kore, ta rage wa ɓangaren da ba kowa. Mahaɗar da ke da danja a garin nan ta kai wajen 6,000.

Da suka gama awo sai magajin garin wancan lokaci, Ken Livingstone, ya yi abin da kowa ya ce zai cinye shi a siyasa. Ranar 17 ga Fabrairun 2003 aka shata da'ira a tsakiyar gari, faɗinta kamar murabba'in kilomita 21, aka ce duk motar da ta shiga da rana ta biya fam 5. Ba shinge, ba igiya, ba mai tsayar da kai. Jan tambari ne kawai da harafin C a jikin allo da kan kwalta. Wayon da ya yi, ya fara a makon hutun makaranta, ya kuma zuba ƙarin bas 300 a titi, doka ta kuma ce ribar kuɗin a harkar sufuri za a kashe ta. A shekarun farko motocin da ke shiga suka ragu da kusan kashi 18 cikin ɗari, rarar nan ta minti 2.3 ta sauko zuwa 1.6. A 2004 aka sake zaɓensa. Kuɗin kuwa bai tsaya nan ba: fam 8 a 2005, fam 10 a 2011, fam 15 a 2020, daga farkon 2026 kuma fam 18. Ana biya daga bakwai na safe zuwa shida na yamma Litinin zuwa Juma'a, Asabar da Lahadi daga sha biyun rana. Wanda ya manta bai biya ba, tarar fam 180 ce, a yafe masa rabi idan ya biya cikin kwana 14. Ka buga da canjin yau ka gani, za ka gane dalilin da ya sa Inna ta shiga jirgi.

To, abin da ya fi canza mu, mu Hausawan nan, ba tsadar ba ce. Rashin wanda za ka roƙa ne. Mun taso a inda kowane laifin titi yake da fuska. Ka sauke gilashi, ka ce yallabai Allah ya huci zuciyarka, ka ambaci sunan unguwarku, a ƙarshe a rabu da dariya. Kyamara ba ta san ɗan gidan wane ba. Na koyi wannan darasi a wata mahaɗa da aka zana wa rawayen layuka kamar raga. Dokarta ita ce kada ka shiga sai ka ga akwai wurin da za ka fita ta ɗaya gefen. Ranar ina sauri, ga kore ta ba ni hannu, na bi bayan wata farar motar kaya, sai kawai ta ja burki. Na tsaya cak, tayoyin baya biyu a kan rawaya. Ban yi daƙiƙa goma ba hanya ta buɗe na wuce, na ma manta. Bayan mako guda wasiƙa ta faɗo ta ramin ƙofa. Na buɗe, ga hoton motata ta baya, ga lamba ɓaro-ɓaro, ga lokaci har da daƙiƙa, har carbin da na rataya a madubi ana iya hangowa. Uwargida ta karɓa ta duba, ta ce, "To Alhaji, wannan kam ko rantsuwa ba ta ɗauka." Na biya a ranar.

Na ji haushi, amma ka tuna abin da ke kashe shataletale da mahaɗa a Kano: kowa ya cusa hanci, na gabas ya tare na kudu, na kudu ya tare na yamma, a kulle kamar an ɗaura aure. Ragar nan maganin wannan ce kawai, kuma tana aiki ne don kowa ya san wasiƙar za ta zo.

Daga nan al'adunmu suka bi sahu ba tare da an yi shawara ba. Suna da walima da taron Sallah duk a bayan gari muke kama zaure, irin su Barking da Dagenham, inda akwai wurin fakin kuma ba a shiga da'ira. Mai gayyata yakan rubuta sunan tashar jirgi mafi kusa tun kafin ya rubuta adireshi. Idan tilas sai da mota, gida uku ake haɗawa a mota biyu, mata da kulolin waina da miyar taushe a ɗaya, maza su matsu a ɗayar. Baƙon da ya zo sabo, kafin a nuna masa inda ake sayar da garin tuwo da daddawa, sai an zaunar da shi an karanta masa karatun titi: jan layi a gefen hanya ba a tsayawa ko don amsa waya, layin bas ba naka ba ne ko da babu bas a kai, titin da ya zagaye da'irar kyauta ne amma kwana ɗaya ta kuskure ta jefa ka ciki. Masallacin Regent's Park da na Whitechapel duk suna wajen da'irar, wannan ya yi mana daɗi ranar Juma'a. Ofishin jakadancinmu kuwa yana tsakiyarta, kusa da dandalin Trafalgar, don haka mai neman sabunta fasfo ba ya ma tunanin mota.

Da ka ga abin da nake gani ranar Idi da ka yi dariya. Dattijo ya sha babbar riga ta shadda da ta ji aiki, da zanna bukar, da turare mai tashin kai, yana tsaye a jirgin ƙarƙashin ƙasa ya kama ƙarfe, gefensa wani yaro da kare. Mutumin nan likita ne, yana da gida biyu a Abuja. A gida da an ce ya zubar da girma. A nan ba mai kallonsa, kuma zai riga mai mota isa sahun gaba. Da kaina na daɗe kafin wannan ya zauna mini, don mu mota sutura ce, ba abin hawa kawai ba. Har yanzu akwai 'yan uwa da ba su saki ba, ka ga mutum ya biya fam 18 ya kuma biya na fakin don kawai a ga ya fito daga mota a ƙofar otal. Ba na ganin laifinsu sosai, amma ba na rakiya.

Wani abin ban dariya, ofisoshin jakadanci da yawa sun ƙi biya, suna cewa haraji ne kuma jakada ba ya biyan haraji, TfL kuma ta ce ladan aiki ne. A lissafin da ta fitar a 2024, Amurka ce kan gaba da bashin sama da fam miliyan 14, Najeriya kuma tana cikin na sahun farko da fiye da miliyan 8. Ko a nan ma ba a bar mu a baya ba.

Kada dai ka ɗauka an gama da gosulo. Ba a gama ba. Bayan 'yan shekaru ma'aunin nan nasu ya nuna jinkirin ya koma kusan inda yake tun farko, duk da motocin gida sun ragu. Dalili kuwa, an yanki titi an ba bas da masu keke da masu tafiya a ƙasa, kamfanonin ruwa da gas suna ta haƙa, ga motocin kai saƙo da na haya irin na Uber sun cika gari. Shi ya sa a 2012 aka fara karɓar kuɗin hayar titi daga masu haƙa, har fam 2,500 a rana idan suka toshe babbar hanya lokacin da jama'a ke kai. A 2019 kuma aka janye wa 'yan kabu-kabu rangwamen da suke da shi, aka bar baƙaƙen tasi na gari suna shiga kyauta. Wannan ya taɓa mutanenmu ƙwarai, domin da yawa da sitiyari suke ciyar da gida nan da can. Sai ga kuɗin hayaƙi, fam 12.50 a rana kan tsofaffin motoci, wanda aka faɗaɗa ya game gari duka a Agustan 2023. An yi shi don lafiyar huhun yara, kuma ban musa ba, amma mai kuɗi ya sauya mota a mako guda, talakan da ya tara shekara uku ya sayi tsohuwar dizal shi ya kwana ciki. Ni ma a lokacin na rabu da tsohuwar da nake hawa kafin wannan ta yanzu. Na san za ka ce me ya hana in turo maka: sitiyarinta a dama yake, mu kuwa tun 1972 muka koma tuƙi ta hannun dama, dokar gida ba ta karɓar irinta.

Game da Kantin Kwari, ni ba injiniya ba ne, tsohon direba ne. Amma idan kwamitinku zai zauna da hukuma, kada ku fara da maganar kuɗin shiga. A nan an iya karɓa ne don akwai abin da mutum zai hau idan ya ajiye mota: a farkon 2026 da fam 1.75 ake shiga bas, ka sauka ka sake shiga wata cikin awa guda ba ƙari. Wanda aka ce ya biya alhali ba shi da zaɓi, haraji kawai aka ƙara masa. Ku fara da abin da ba ya cin kuɗi. Ku sa yara biyu da agogo da littafi, su hau adaidaita sahu daga Ƙofar Mata zuwa Bata bayan sallar Asuba, su sake hawa da azahar da la'asar, mako biyu a jere, su rubuta inda aka tsaya da abin da ya tsayar. Ina kyautata zaton za ku tarar rabin abin tirela ce mai sauke dila da rana tsaka, da masu ɗaukar fasinja a kan kwana. Idan kun shiga ofis da wannan littafi, maganarku ta fi ta wanda ya je da "wallahi abin ya yi yawa".

In Allah ya kawo ka bayan Sallah kamar yadda ka ce, zan tarbe ka da kaina, amma a jirgin ƙasa na layin Elizabeth za mu dawo, daga Heathrow har Woolwich ba canji, kamar awa guda. Ka rage kaya. Kilishin da ka ce za ka ɗauko kuma ka bar shi, nama ba ya wuce filin jirginsu, ƙwacewa za su yi. Yaji da kuka dai ka cika jaka. A gaida Inna, a ce mata akwatin da ta bari yana nan.